Amfanin Tsaftace Mota da Yadda Ya Kamata a Fahimce Shi

Tsaftace mota ɓangare ne na kula da lafiyarta, daidai da juyen mai da duba iskar taya, ko da yake yawancin masu mota sun ajiye shi a sahun ado. Sai ranar Juma'a, ko jajibirin Sallah, ko in za a je ɗaurin aure ake tunawa da bokiti da soso. Wannan fahimta ce ke sa a wanke inda ido ke gani a bar inda lalacewa ke farawa. Mota haɗin ƙarfe ce da roba da gilashi da wayoyin lantarki, kuma kowanne daga cikinsu akwai irin dattin da ke cinsa a hankali. Wanda ya san wane datti ke cin wane sashe, shi ne zai san abin da wanki ke tsare masa, ya kuma gane dalilin da ya sa wani wankin ya fi rashinsa ɓarna.

Abu na farko da datti ke taɓawa shi ne fenti. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa da ke manne wa ƙarfe ya hana shi tsatsa, akwai mai launi, sannan a sama akwai wani garai-garai marar launi wanda shi ne ke ba da sheƙi, yake kuma tare zafin rana. Duka hawan idan an haɗa su, kaurinsu bai fi kashi 1 zuwa 2 cikin 10 na milimita ba, kuma na saman nan bai kai rabin wannan ba. Wannan ɗan siririn rufi shi ne kawai ke tsakanin ƙarfen mota da duniya. Idan ya cinye ba ya tsirowa, sai dai a kai wa mai fenti, kuma fentin gareji da wuya ya kai ingancin wanda aka gasa a masana'anta.

A ƙasashen da hunturu ke sauka, babban abokin gabar wannan rufi shi ne ƙura. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska na kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda a da can ruwan tsohon Tafkin Chadi ya kwanta, ta watsa ta a kan Zinder da Maraɗi da Kano da Sakkwato har zuwa gaɓar teku. Ƙurar tana da laushi a hannu, shi ya sa ake raina ta. Amma a cikinta, da cikin ƙurar titi da ke haɗuwa da ita, akwai ƙananan ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi gilashi tauri, balle fenti. Muddin suna kwance a jikin mota ba a taɓa su ba, ɓarnarsu kaɗan ce. Ɓarnar tana zuwa ne lokacin da aka goga su.

Abin da ake gani kowace safiya a ƙofar gidaje da ofisoshi ke nan. Direba ko yaron gida ya ɗauko busasshen tsumma, wani lokaci tsohuwar singileti, ya kakkaɓe saman motar, sannan ya danna hannu ya bi murfin inji da ƙofofi yana zagayawa har ta yi haske. Cikin minti biyar mota ta fito fes, mai gida ya ji daɗi. Abin da ya faru a zahiri shi ne an tara yashi a cikin tsumma an murza shi a kan fenti kamar sanfefa. Rana ɗaya ba za a ga komai ba. Bayan hunturu biyu ko uku, idan aka tsayar da motar a rana aka kalle ta ta gefe, za a ga siraran zane masu zagaye sun rufe jikinta, sheƙin ya dushe, baƙar mota ta koma toka-toka. Mutane kan ce rana ce ta cinye fentin. Rana tana da nata laifin, amma tsumman nan ne ya buɗe mata ƙofa. Ƙa'idar ita ce a fara kwarara ruwa ya tafi da yashin tun kafin hannu ya taɓa jikin motar, kuma idan babu ruwa, barin ƙurar ya fi goge ta.

Akwai dattin da ba ya jiran a goga shi kafin ya yi ɓarna. Kashin tsuntsu yana ɗauke da sinadari mai tsami da ke cin fenti, kuma zafin rana na hanzarta aikinsa, har ta kai kwana ɗaya ko biyu sun isa ya bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Kashin jemage ma haka yake. Mai mota yana neman inuwar darbejiya ko mangwaro don gudun rana, ya dawo ya tarar da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da ƙaro da kashin tsuntsaye a saman motarsa. Inuwar tana da amfani ƙwarai, amma tana zuwa da sharaɗi: duk abin da ya ɗigo a jiƙa shi da ruwa a ɗauke shi a ranar, ba a kankare shi da farce ba. Fetur da ya zubo a gefen tanki lokacin shan mai, da man birki da ya ɗiga a kan fenti, su ma ba a barinsu su kwana. Man birki musamman yana iya ɗaye fenti cikin ɗan lokaci.

Idan damina ta faɗi, matsalar sai ta koma ƙarƙashin mota, kuma a nan ne asara mafi girma take ɓuya. Tsatsa tana buƙatar ƙarfe da iska da danshi. Ruwan sama da ya jiƙa mota ya bushe ba ya yin wata ɓarna mai yawa. Taɓon da ya liƙe a cikin madigadi, da kan ƙashin mota, da bayan bamba, shi ne ke riƙe danshi kwana da kwanaki bayan an ɗauke ruwan, ya bar ƙarfe a jiƙe. Jar laka ta hanyoyin ƙauye tana bushewa ta sama ta yi tauri, cikinta kuwa da sauran laima. A irin waɗannan lungunan tsatsa ke farawa, daga ciki take cin ƙarfen, kuma lokacin da fenti ya kumbura ya nuna alama daga waje, ta riga ta huda. A ƙarƙashin nan ne bututun man birki da na fetur da salansa suke bi. Tsatsar ƙofa muni ce kawai, amma tsatsar bututun birki tana iya ɗaukar rai.

Ana buƙatar a ƙara kula a nan saboda yawancin motocin da ake hawa na hannu ne, waɗanda ake kira Kwatano. Da yawa daga cikinsu sun yi shekaru a Turai ko Amurka ko Kanada, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, kuma gishiri yana ninka saurin tsatsa. Irin wannan mota tana isowa da tsatsar da ta riga ta kama a ƙarƙashinta, ko da jikinta na walƙiya. Busasshiyar iskar arewa tana rage wa tsatsar gudu, shi ya sa tsofaffin motoci kan daɗe a can fiye da Legas ko Fatakwal, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri da laima duk shekara. Amma taɓon damina ɗaya da aka bari a liƙe ya isa ya tayar da ita. Wanke ƙarƙashin mota da ruwa mai ƙarfi bayan tafiya cikin laka, da kuma sau ɗaya a ƙarshen damina, ya fi goge saman mota sau ɗari amfani ga tsawon ranta.

Akwai kuma wasu ƙananan ramuka da masu ƙera mota suka bari da gangan don ruwa ya fita, a ƙasan kowace ƙofa, da ƙarƙashin gilashin gaba inda waifa ke kwanciya, da gefen but. Ganye da ƙura suna toshe su. Da zarar sun toshe, ruwa sai ya taru a cikin ƙofa ko ya gangara cikin mota ya jiƙa kafet, ya kwanta a kan ƙarfen da ake taka ƙafa da wayoyin da ke bi ta ƙarƙashinsa. Mota mai warin rima bayan ruwan sama, sau da yawa abin da ke damunta ke nan, kuma maganinsa bai wuce tsinke da ruwa ba.

Amfanin da ya fi kowanne gaggawa shi ne na gani. Direba da idonsa yake tuƙi, kuma duk abin da yake gani ta cikin gilashi yake ganinsa. Gilashin da ƙura ta rufe da rana tsaka ana iya lallaɓawa da shi. Da hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da rana ke dukan gilashin kai tsaye, ko da dare idan babbar mota ta taho da cikakkiyar fitila, ƙurar tana tarwatsa hasken ya zama farin hazo, direba ya yi daƙiƙa biyu ko uku bai ga komai ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wato cikin wannan ɗan makantar an wuce fiye da mita 50, a kan hanyar da za a iya cin karo da mai babur marar fitila, ko garken shanu, ko tirelar da ta mutu a tsakiyar titi. Cikin gilashin ma yana tara wani maiƙo daga numfashi da tiririn robar dashbod, wanda mutane da yawa ba sa tunawa da shi, alhali shi ne ke ƙara ɗaukar ido da dare. Kunna waifa a kan busasshiyar ƙura kuwa yana zana gilashi zane na dindindin, ya kuma cinye robar waifar, don haka tulun ruwan wanke gilashi bai kamata ya zauna a bushe ba.

Fitilu ma haka. Datti a kan fitilar gaba yana rage nisan haskenta, a kan fitilar birki da sigina kuma yana hana na baya sanin abin da na gaba ke shirin yi. A cikin hazon hunturu mai kauri, wani lokaci jan fitilar baya ita kaɗai ce ke sanar da cewa akwai mota a gaba. Lambar mota da laka ta rufe kuma tana iya jawo tsayarwar jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura ko 'yan sanda, domin doka ta buƙaci lamba ta kasance ana iya karanta ta.

Inji yana shaƙar iska fiye da yadda ake zato. Kafin ya ƙone lita ɗaya ta fetur yana buƙatar iska kusan lita 9,000, kuma dukkanta ta cikin filtar iska take wucewa. A lokacin hunturu, ko ga motar da ke bin hanyar da ba kwalta, filtar tana cika da wuri. Idan makanike ya buɗe akwatinta ya zaro ta, takardar da ta kasance fara ko rawaya za a ga ta koma kalar ƙasa, ya buga ta a jikin taya ƙura ta tashi. Filtar da ta toshe tana rage wa mota ƙarfi, a taka totur a ji ta yi nauyi. Wadda ta yage ko ba ta zauna daidai ba ta fi haɗari, domin yashi zai shiga har cikin inji ya riƙa cin ringi da bangon silinda, mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Littattafan da kamfanonin mota ke haɗowa da motocinsu suna sanya tuƙi cikin ƙura a jerin yanayi mai tsanani, wanda ke buƙatar a riƙa canza filta da mai kafin lokacin da aka saba. Lagireto shi ma da iska yake sanyaya ruwa. Idan ƙwari da ganye da leda da laka suka toshe ramukansa, inji zai riƙa ɗaukar zafi, musamman a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Inji kuwa idan ya yi zafi fiye da kima sau ɗaya, gaskit na iya ƙonewa.

Tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, duk wata magana ta rage shan mai tana samun masu sauraro, kuma ana yawan cewa wanke mota yana rage shan mai. Gaskiyar maganar tana da iyaka. Ƙurar da ke jikin mota ba ta da wani tasiri da mai tuƙi a cikin gari zai gani a aljihunsa. Toshewar filta tana ƙara shan mai a tsofaffin motoci masu kabireta, amma a motocin zamani da kwamfuta ke auna mai da iska, ƙarfi take ragewa fiye da ƙara shan mai. Inda tsafta ke taimakawa a zahiri shi ne nauyi: but da aka mayar da shi sito, cike da tsofaffin batura da jarkoki da ƙarafan da aka cire tun bara. Ƙarin kilo 45 yana ƙara shan mai da kusan kashi 1 cikin 100. Ribar ba ta da yawa, kuma bai dace a zuzuta ta ba, domin dalilan tsaftace mota na gaskiya sun isa ba sai an ƙara musu gishiri ba.

Ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, wanda ba a cika ambata ba, shi ne wanki yana tona abin da datti ya ɓoye. Wanda ya durƙusa yana wanke taya shi ne zai ga ƙusar da ta shige, ko kumburin da ya fito a gefe, ko cin da tayar ke yi ta ɓangare ɗaya. A kan inji mai tsafta ɗigon mai sabo yana bayyana nan take a san daga inda ya fito, a kan injin da baƙin maiƙo ya lulluɓe kuwa sai ya yi watanni yana yoyo ba a sani ba. Haka robar shaf da ta yage tana watsa giris, da farin garin da ke taruwa a kan batir ya hana mota tashi da safe, da ɗan tsagin gilashi tun bai yi tsawo ba. Duk waɗannan gyara ne na kuɗi kaɗan idan an gan su da wuri. Shi ya sa yake da kyau mai mota ya riƙa tsayawa a kan motarsa lokacin da ake wanke ta, ko da ba shi ke riƙe da soso ba.

Cikin mota ɗaki ne ƙarami da ake rufewa a shaƙi iskarsa, wani lokaci awanni. Ƙurar da ta shige kujeru da kafet tana tashi duk lokacin da aka zauna ko aka kunna fanka, kuma masu asma da ƙananan yara su suka fi jin ta. Yawancin motocin zamani suna da wata filta ta daban a bayan akwatin dashbod mai tace iskar da ke shigowa ciki, kuma akwai motoci da yawa da tun da aka sayo su ba a taɓa buɗe ta ba. Warin da ke fitowa idan an kunna na'urar sanyi alama ce ta danshi da ruɓa a hanyar iskar, kuma rataya turare a madubi rufe warin kawai yake yi.

Ragowar abinci matsala ce ta daban. Ɓawon gyaɗa, da guntun biskit da yara suka zubar, da ƙashin tsire a cikin takarda, da hatsin da ya tsiyaye daga buhu a but, su ke kiran kyankyasai da tururuwa da ɓeraye. Ɓera idan ya sami wurin zama a mota wayoyi yake ci, kuma lalurar waya tana cikin gyare-gyare mafi wahalar ganowa: yau fitila ta ɗauke, gobe mota ta ƙi tashi, a yi ta yawo tsakanin masu gyaran waya. Fitsarinsa da kashinsa kuma hanya ce ta cuta, ciki har da zazzaɓin Lassa da wani nau'in ɓera ke yaɗawa. Tarkacen da ke yawo a ƙasan mota shi ma haɗari ne kai tsaye. Gorar ruwa da ta gangaro daga ƙarƙashin kujera ta shige bayan birki tana hana shi takuwa a lokacin da ake tsananin buƙatarsa, haka ma shimfiɗar ƙafa da ta zame ta danne totur. Ga musulmi kuma akwai ƙarin lura, domin da tufafin da aka zauna da su a kujerar mota ake shiga masallaci, kuma kujerar da yaro ya yi wa fitsari sai an wanke ta da ruwa, bushewa kawai ba ta wadatar ba.

Ga wanda mota ko a-daidaita-sahu ce hanyar abincinsa, tsafta jari ce. Fasinja mai fararen kaya yana leƙa kujera kafin ya shiga, kuma masu ɗaukar fasinja ta manhajar waya ana ba su maki ne har da yanayin motarsu. A wajen sayarwa ma haka abin yake. Gogaggen dillali ba ya ruɗuwa da wankin da aka yi jiya. Yana ɗaga kafet ya taɓa ƙarfen ƙasa, ya ciro safaya ya duba ramin da take kwanciya, ya shinshina cikin motar, ya kalli fenti ta gefe a rana. Daga nan yake ƙiyasta yadda aka riƙe injin da ba zai iya buɗewa ba, domin a ganinsa wanda bai kula da abin da ke fili ba da wuya ya kula da juyen mai. Kulawar shekaru ce ke bayyana a farashi, kuma ba a iya ƙirƙirar ta cikin yini ɗaya.

Duk wannan amfani ya dogara da yadda aka yi wankin. Garin sabulun wanki irin su Omo, da sabulun wanke-wanke, an yi su ne don cire maiƙo, saboda haka suna cire man da ke kare fenti, suna busar da robobin ƙofa da na gilashi. Sabulun da aka yi don mota shi ya dace, kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da fenti. Soson da aka wanke taya da shi ba a mayar da shi jikin mota, kuma daga sama ake farawa a gangaro, don yashin ƙasa kada ya hau sama. Bokiti biyu sun fi ɗaya: na kumfa, da na ɗauraye soso. Wanki a cikin rana tsaka yana busar da ruwa kafin a goge shi ya bar ɗigo-ɗigon fari, musamman ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri, don haka inuwa ko sanyin safiya ya fi. Ruwan sanyi a kan faifan birki mai zafi, bayan doguwar tafiya, yana iya lanƙwasa shi.

Wankin inji shi ne ya fi buƙatar hattara. Tsohuwar Fijo 504 tana iya jure a watsa mata ruwa ta ko'ina, a busar da 'yan wurare ta tashi. Motar zamani cike take da na'urorin auna abubuwa da soket-soket da kwamfutar da ke sarrafa inji, kuma ruwa mai ƙarfi yana kutsawa cikinsu. Motoci da yawa sun shiga wurin wanki da ƙafarsu sun fito ana turawa. Abin da ya fi aminci shi ne a bar inji ya huce, a rufe sassan lantarki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma da burushi. Al'adar fesa gas ko tsohon baƙin mai a ƙarƙashin mota don hana tsatsa ita ma tana da illa, domin tana lalata robobi, tana kama ƙura, tana kuma gangarawa kwata ta gurɓata ruwa.

Batun ruwa ba ƙarami ba ne a garuruwan da ake sayen jarka daga 'yan garuwa. Tiyo da aka bari yana zuba yana cin ruwa ninkin abin da bokiti zai ci sau da yawa, alhali bokiti uku ko huɗu sun isa ƙaramar mota idan an san yadda ake yi. Yawan wankin kuma ba shi da adadi guda da ya dace da kowa, yanayi ne ke yanke shi. Gilashi da madubai da fitilu kullum ne kafin a tashi. Jikin mota a lokacin hunturu ya fi son ɗauraya da ruwa zalla a kai a kai, da cikakken wanki da sabulu kamar mako-mako ko bayan mako biyu, tare da shafa man kare fenti sau biyu ko uku a shekara. Da damina hankali ya koma ƙarƙashi da ramukan fitar ruwa, filtar iska kuwa a riƙa duba ta a duk juyen mai, a kuma canza ta idan hunturu ya wuce.